Yadda ake gasa burodin Rumawa irin wanda aka tono a Pompei

A shekara ta 79 miladiyya dutsen Besubiyus ya yi aman wuta, toka da tsakuwa suka binne garuruwan Rumawa na Pompei da Harkulaniyum a kudancin Italiya. Da masu tonon tarihi suka buɗe tandar wani gidan burodi a Pompei, wanda ake kira gidan burodin Modestus, sai suka iske burodi 81 jere a ciki, duk sun koma gawayi amma siffarsu ba ta gushe ba. Har yau ana iya ganin irinsu a gidan adana kayan tarihi na birnin Napoli. Kowanne zagayayye ne, faɗinsa wajen santimita 20, an raba samansa gida takwas da layuka, sannan ga wani zurfi da ya zagaye ƙugunsa kamar an ɗaure shi da igiya. Shi ne burodin da ake kira panis quadratus.

Ana iya yin sa a gida, kuma ba ya buƙatar komai sai gari, ruwa, gishiri da ƙullu mai tsami. Amma tun daga farko a san abin da ake nema. Wannan ba burodi mai laushi da zaƙi ba ne. Babu sukari a cikinsa, babu bota, babu madara. Yana da nauyi a hannu, ɓawonsa da tauri, cikinsa da ɗan tsami, an kuma yi shi ne don a gutsura a tsoma cikin mai ko miya. Duk wanda ya ƙara masa sukari don ya “gyara” shi, to wani burodin daban ya yi, ba na Rumawa ba.

Garin da za a yi amfani da shi

Rumawan farko ba masu burodi ba ne. Abincinsu na yau da kullum puls ne, wani dafaffen ɓarzajjen hatsi da ke tsakanin kunu mai kauri da tuwo. Wani marubucin Rumawa, Filini Babba, wanda shi ma a wannan aman wutar ta 79 ya rasu, ya ce birnin Rum bai samu masu sana'ar gasa burodi ba sai zamanin yaƙi da Sarki Fasiyus na Makidoniya, wato wajen shekara ta 170 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kafin nan matan gida ke yi. Amma zuwa lokacin da Pompei ta binne, gidajen burodi sun haura 30 a wannan ɗan garin kaɗai, kuma yawancinsu a nan suke niƙa alkamarsu.

Dutsen niƙansu hawa biyu ne, daga dutsen aman wuta aka sassaƙa shi. Na ƙasa mai tsini ne a kafe yake, na sama kuma rami ne mai tsukakken ƙugu da ake kifawa a kansa, ana zuba alkama ta sama, jaki yana zagayawa da shi. Irin wannan niƙan ba ya ba da gari fari fat. Dusa na gauraye a ciki, har da ɗan tsakuwar dutsen. Sai an tankaɗe, kuma yawan tankaɗen shi ke raba burodin attajiri da na talaka. Mafi fari shi ne na masu hali. Akwai na biye da shi, mai ɗan dusa, wanda aka ce shi Sarkin Rum Agustus ya fi so duk da mulkinsa. Daga nan sai baƙin burodin talakawa da bayi.

Wanda ya fi kusa da na gidan burodin Pompei shi ne na tsakiyar. Don samun sa, a sayi alkama tsabarta a kasuwa, a tsince, a wanke, a shanya ta bushe ƙarau. Idan da sauran laima a jikinta, injin zai cuɗe ta ne maimakon ya niƙe. A gaya wa mai inji ya fara kakkaɓe ragowar masara ko barkono, ya kuma niƙa da laushi. Garin na fitowa da zafi, a baza shi a faranti ya huce. Sai a tankaɗe sau ɗaya da rariya mai matsakaicin ido, a cire dusa mai gwaɓi kawai, a bar mai laushin. Burodi guda na cin giram 350 na wannan garin da giram 150 na fulawa. Amfanin fulawar shi ne ta ba ƙullun danƙo, domin gutsattsarin dusa na yanke danƙon alkama, burodin ya kasa tashi. Wanda ya ga dama ya yi da garin alkama zalla, amma ya sa ran burodi mai nauyi, ya kuma ƙara ruwa kamar cokali biyu.

A auna da sikeli in da hali. Gwangwanin madara ba ya faɗin gaskiya a kan gari, saboda cikawar tankaɗaɗɗen gari daban take da ta dannanne.

Ƙullun tsami

A nan gizo yake saƙar. Rumawa ba su da yis na leda. Filini ya lissafa hanyoyin da suke bi: ana kwaɓa gero da ɗanyen ruwan inabi a ajiye, ya kai shekara yana aiki, ana kuma yin irinsa da dusar alkama mai laushi a shanya a rana. Ya ce mutanen Gol, wato yankin Faransa ta yau, da na Sifaniya kumfar abin shan da suke tsimawa daga hatsi suke sawa, shi ya sa burodinsu ya fi rashin nauyi. Amma abin da aka fi yi a zamaninsa shi ne a rage ɗan ƙullun jiya a haɗa da na yau. Wannan ita ce hanyar da za a bi, sai dai dole a fara samar da na farkon.

A samu kwalba mai faɗin baki, a wanke ta da kyau. A zuba garin alkama giram 50 da ruwa mililita 50, a juya har ya haɗe, a rufe da tsumma mai tsabta a ɗaure bakin da zare. Kada a murɗa murfi ya toshe, iska na taruwa a ciki. Garin alkama mai dusa ya fi fulawa saurin kamawa, domin ƙwayoyin da ke tayar da ƙullu a jikin ɓawon hatsin suke zaune. Ruwan famfo mai warin magani kuma yana danne su, don haka a ɗebi ruwan a bar shi ya kwana a buɗe, ko a yi da na rijiya mai tsabta.

Kashegari a zubar da rabi, a ƙara gari 50 da ruwa 50, a juya. Haka za a riƙa yi kullum. A lokacin bazara, idan ɗaki ya yi zafi sosai, sau biyu ake ciyar da shi, safe da yamma, in ba haka ba ya cinye abincinsa ya tsinke, wani ruwa mai duhu ya taso a kai. Wannan ruwan ba lalacewa ba ne, yunwa ce: a tsiyaye shi a ciyar.

Rana ta biyu ko ta uku ƙullun yakan kumbura sosai da wari maras daɗi, sannan ya kwanta shiru kwana biyu kamar ya mutu. Mutane da yawa a nan suke zubarwa, ko kuma su ɗauka ya nuna su yi gashi da shi, burodin ya fito dunƙule. Kumburin farko na wasu ƙwayoyi ne da ba su daɗewa, tsamin da ke ƙaruwa shi ke kore su. A ci gaba da ciyarwa. Tsakanin kwana 5 zuwa 7 zai fara ninka kansa cikin awa 4 zuwa 6 bayan an ciyar, da ƙananan kumfa ko'ina da ƙamshin tsami mai daɗi. A ɗaura zare a jikin kwalbar daidai inda ya tsaya bayan ciyarwa, da haka za a ga tashinsa. Idan ya yi haka kwana biyu a jere, ya isa aiki. Idan kuwa aka ga fumfuna, ko launin ja ko ruwan lemo a samansa, a zubar duka, a ƙone kwalbar da tafasasshen ruwa a sake sabo.

Mai gaggawa na iya kwaɓa gari giram 75 da ruwa mililita 75 da yis kwatan ƙaramin cokali, ya bar shi ya kwana. Zai tayar da burodin, amma ɗanɗanon tsamin ba zai fito sosai ba.

Kwaɓi

Kato Babba, wani marubucin Rumawa da ya rayu daga 234 zuwa 149 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bar bayanin yin burodi a littafinsa na aikin gona, gajere ƙwarai. Ya ce a wanke hannu da kwanon kwaɓi da kyau, a zuba gari, a riƙa sa ruwa kaɗan-kaɗan, a murza sosai, a mulmula, a gasa ƙarƙashin kasko. Bai ambaci gishiri ko tsami ba, nasa burodin gona ne. Amma maganarsa ta sa ruwa kaɗan-kaɗan ita ce daidai har gobe, domin kowane gari da irin shan ruwansa.

A narkar da ƙullun tsami giram 150 cikin ruwa mililita 280. A zuba garin nan giram 500, a cakuɗa da hannu har busasshen gari ya ƙare, a rufe a bar shi minti 30. Wannan hutun yana ba dusa damar jiƙa, kuma yana rage wahalar murza. Sai a narkar da gishiri giram 10, wato kamar ƙaramin cokali biyu a shafe, cikin ruwa mililita 20, a zuba a kai, a fara murzawa.

Ana murzawa da tudun hannu, a tura gaba, a ninko, a juya, minti 10 zuwa 12. Ƙullun da ake so mai ɗan tauri ne, wanda idan aka mulmula shi aka ajiye zai tsaya da kansa, ba zai baje ba. Burodin nan sai ya riƙe layukan da za a danna masa, ƙullu mai ruwa kuwa yana shafe su cikin wuta. Idan yana manne wa hannu da farko, kada a yi ta barbaɗa gari. A jiƙa hannu a ci gaba, danƙon zai haɗu da kansa. Ƙarin gari barkatai shi ke sa burodi ya fito da busasshen ciki.

A sa shi a kwano, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Da zafi yakan isa cikin awa 3 zuwa 4, da sanyin hunturu yakan kai awa 6 zuwa 8. A lura da ƙullun, a bar kallon agogo. Ba sai ya ninka ba, idan ya ƙaru da rabin girmansa ko fiye kaɗan, ya yi laushi, ya wadatar. Ƙullun alkama mai dusa da aka bari ya wuce lokaci yana tsinkewa, ya yi tsami mai yawa, ya baje a tanda. Da hunturu a riƙa duba tsumman, iskar na busar da shi, ƙullun ya yi ɓawo tun kafin ya ga wuta.

Siffa, igiya da hatimi

A juye ƙullun a kan tebur mai ɗan gari, a tattaro gefunansa zuwa tsakiya, a kifa shi, a mulmula har samansa ya yi sumul. A danna shi a hankali ya zama faifai mai faɗin santimita 18 da kaurin kamar yatsu uku. A ɗora kan abin da za a ɗauke shi da shi, an barbaɗa dusar da aka tankaɗe a ƙasa don kada ya kama. A rufe minti 45 zuwa awa ɗaya. Alamar ya yi ita ce a danna yatsa, gurbin ya dawo a hankali bai cike duka ba. Idan ya dawo nan take, da saura. Idan bai dawo ba sam, ya wuce, a hanzarta sa shi a wuta.

Zurfin nan da ya zagaye burodin Pompei, masana da yawa na ganin gurbin igiya ne da ake ɗaurawa kafin gashi, ta riƙe ƙullun kada ya baje, ta kuma zama mariƙi ga mai saye. A yi amfani da zaren auduga mai kauri ko igiyar rama siririya. Ban da ta roba, tana narkewa. A zagaya ta a tsakiyar kaurin ƙullun, a ja har ta ɗan nutse kamar rabin santimita, a ƙulla, a bar ɗan madauki. Idan aka matse ta da yawa burodin zai tsage ta sama, idan ta yi sako-sako kuma za ta zame ƙasa.

Layukan ba da kaifin wuƙa ake yin su ba. Danna su ake yi. A samu siririn kara ko bayan wuƙa, a shafa gari, a danna layi daga gefe zuwa gefe ta tsakiya, har kusan rabin kaurin ƙullun ko fiye. Layi huɗu masu gicciye juna su ke ba da gida takwas. Sai a huda tsakiya da yatsa. Yanka da kaifi yana sa wurin ya buɗe ya yi baki, dannawa kuwa tana barin kowane gida ya kumbura shi kaɗai, a riƙa ɓallewa da hannu. Rumawa da hannu suke gutsurar burodi a wurin ci, layukan su ne rabon kowa. A yi wannan aikin daf da sawa a wuta, idan aka yi da wuri kumburi zai cike layukan.

Wani burodi da aka samu a Harkulaniyum yana ɗauke da hatimi da ke nuna na Seler ne, bawan Kwintus Giraniyus Berus. Hatimi irin wannan na bayyana daga hannun wa burodi ya fito. Ana iya sassaƙa shi a guntun itace, da sharaɗin a juya haruffan baibai don su fito daidai. A shafa gari a danna da ƙarfi a kan gida ɗaya.

Ambaton bawa a jikin burodin nan ba ƙaramin abu ba ne. Aikin gidan burodi na cikin mafi muni da ake sa bayi. A shekarar 2023 an bayyana wani gidan burodi da aka tono a Pompei, ɗaki ƙunci da ƙananan tagogi masu sandunan ƙarfe can sama, an sassaƙa gurabe a daɓen don daidaita zagayen dabbobin da ke juya dutse, mutane da jakuna a kulle tare. Wasu kuwa sun yi arziki da sana'ar. Kabarin Yurisases mai burodi yana nan tsaye a bakin ƙofar Porta Majore a birnin Rum, da zanen niƙa, tankaɗe, kwaɓi, gashi da awo a jikinsa.

Gashi

Tandar gidan burodin Rumawa ginin bulo ce mai kumburarren rufi. Ana hura wuta a cikinta har bulon ya ɗau zafi, a kwashe garwashi, a share, a jera burodi, a rufe ƙofa. Zafin da bulo ya adana shi ke gashin, kuma yana raguwa a hankali. Mai tandar gas ko lantarki zai kwaikwayi wannan: a kunna ta a digiri 230 tun minti 30 kafin lokaci da faranti mai kauri a ciki, a sa burodin, bayan minti 15 a rage zuwa 200, a ƙara minti 25 zuwa 30. A ajiye ƙaramin kwanon ƙarfe da ruwan zafi a ƙasan tandar cikin minti 15 na farko. Tururin na hana ɓawo bushewa da wuri, burodin ya samu tashi. Kada a yi ta buɗe ƙofa ana leƙe.

Hanyar Kato ta kasko ita ce ta gidajen ƙauye, kuma ita ta fi ban sha'awa. Kaskon nasu, testu, murfi ne na yumɓu mai ɗan baki a zagaye da ke riƙe garwashi kada ya zubo. Tukunyar ƙasa mai faɗin baki, wadda za ta rufe burodin ta bar sararin yatsu uku ta kowane gefe da sama, za ta yi aikin. A waje ake yin wannan ko inda iska ke ratsawa, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa.

A hura wuta a kan daɓen bulo ko faffaɗan dutse busasshe na kamar minti 45. A jingina tukunyar kusa da wutar, ana juya ta, ta ɗau zafi sannu a hankali. Tukunyar da ke da laima ko wadda aka ɗora wa garwashi tana sanyi, tsagewa take yi. A janye garwashin gefe, a share wurin, a barbaɗa ɗan gari don gwaji. Idan ya yi baƙi nan take, zafi ya yi yawa, a jira minti biyar a sake. Idan ya ɗauki kamar daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin ya yi ja, daidai ne. A barbaɗa dusa, a zame burodin a kai, a kifa tukunyar, a tara garwashi da toka mai zafi a gefunanta da samanta. Tokar na tausasa zafin. Garwashi zalla mai ci yana ƙona saman burodi cikinsa na ɗanye.

Bayan minti 25 a ɗaga tukunyar da tsumma mai kauri a duba, a kula kada toka ta zuba a kai. Idan gefe ɗaya ya fi ja, a juya burodin. A mayar, a ƙara garwashi kaɗan idan ya mutu. Gashin duka yakan ɗauki minti 40 zuwa 50. Matsalar da aka fi samu a nan ita ce ƙasa ta ƙone sama bai yi ba, dalilinta kuma daɓe ya fi tukunya zafi. Maganinta a jinkirta sawa, a kuma tabbatar tukunyar ta yi zafi sosai kafin a kifa.

Ana gane ya gasu idan aka ƙwanƙwasa ƙasansa ya yi amo kamar ba komai a ciki. A ɗora shi a kan abin da iska ke shiga ta ƙasa, a bar shi aƙalla awa ɗaya da rabi. Cikinsa na ci gaba da nuna bayan an sauke, wanda ya ɓalle shi da zafi zai iske shi da danƙo ya zaci bai gasu ba.

Abin da ake ci da shi

Burodi shi ne ƙashin bayan abincin Barume. A zamanin Agustus kimanin mutum 200,000 ke karɓar alkama kyauta a birnin Rum, kowa mudu biyar na awonsu a wata, wajen kilo 33, yawancinta daga Masar da arewacin Afirka ake kawo ta a jiragen ruwa. Kato ya tsara wa bayin da ke aiki ɗaure da sarƙa burodi fam huɗu na Rumawa a rana da sanyi, biyar idan an shiga haƙar gonar inabi, fam ɗinsu kuwa kimanin giram 327 ne. Kalacin safe ɗan burodi ne da cuku ko zaitun, na rana ma mai sauƙi ne, babban abinci sai da yamma. Ba su san tumatir, barkono, masara ko dankali ba, duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan shekaru fiye da dubu. Don haka a bar su a gefe idan ana son ɗanɗanon zamanin.

Mahaɗin da ya fi dacewa shi ne moretum, dakakken cuku da tafarnuwa da ganye, abincin manomi. Wata tsohuwar waƙar Latin ta siffanta manomi yana daka kan tafarnuwa huɗu a nasa. Wannan ya yi yawa ga bakin yau. Ga cuku busasshe giram 150, ƙwayar tafarnuwa 4 zuwa 6 ta isa. Busasshen cukun nan na Nijar yana yi, a goge shi ko a farfasa a yayyafa masa ruwa ya ɗan yi laushi. A fara daka tafarnuwar da gishiri rabin ƙaramin cokali har ta yi laushi, gishirin ne ke taimaka mata narkewa. A sa ganyen seleri da na koriyanda, kowanne cikin tafin hannu, a daka. Sai cukun. Daga ƙarshe a riƙa ɗiga man zaitun babban cokali uku ana juyawa, a sa ruwan khal cokali ɗaya, a dunƙule shi curi guda. Idan aka sa mai tun farko, tafarnuwar zamewa take yi ƙarƙashin taɓarya ba ta dakuwa. Manomin waƙar ya sa wani ganye mai ɗaci da ake kira ruta, kada a sa shi, yana da haɗari ga mai ciki. A bar haɗin ya huta awa ɗaya kafin ci, yajin tafarnuwar zai kwanta. Wanda bai da lokacin wannan, man zaitun da ɗan gishiri a ƙaramin kwano ya wadatar. Sojoji da talakawa kuma suna kora shi da posca, ruwa da aka ɗan tsamama da khal. Cokali ɗaya a kofin ruwa ya isa gwaji.

Tun da wuta na nan, ana iya gasa libum a ƙarƙashin kaskon bayan an sauke burodi, domin shi wuta mai sanyi yake so. Wainar cuku ce da Rumawa ke miƙawa ga allolin gidansu, suna kuma cin ta. Awon Kato shi ne cuku fam biyu, gari fam ɗaya ko rabin fam na mai laushi idan ana son ta da taushi, da ƙwai ɗaya. Rabin wannan ya ishi gida: cuku sabo mai laushi giram 330, fulawa giram 80, ƙaramin ƙwai guda. Idan babu sabon cuku, a ɗora madarar shanu lita biyu har ta kusa tafasa, a sauke, a zuba khal babban cokali huɗu, a jira minti 10 ta tsinke, a tace da tsumma a rataye awa ɗaya. A murje cukun har gudaji ya ƙare, a haɗa da gari da ƙwai, a mulmula, a ɗora kan ganyen laurus, wato busasshen ganyen ƙamshin nan da ake jefawa cikin dafa-duka, an shafa masa mai. Ana gasawa minti 30 zuwa 35, a tandar zamani digiri 180. Idan ƙullun ya ƙi mulmuluwa, cukun bai tsane ba, a sake matse shi maimakon ƙara gari. Kato bai sa zuma a ciki ba, amma zuba ta a kai da zafinsa na ƙara masa armashi.

Kafin a mulmula kowane burodi, a yanki ƙullu kamar giram 150 a ajiye a rufaffen kwano. Shi ne tsamin gashi na gaba. A wuri mai sanyi yana kai wa gobe, a firji yana kai kwana uku. Da yake akwai gishiri a cikinsa, tashinsa ya fi na kwalba jinkiri, a ƙara masa kamar awa ɗaya, a kuma rage gishirin sabon kwaɓi zuwa giram 8. Burodin kansa a naɗe shi a tsumma, ba a leda ba, leda na sa shi gumi ya yi fumfuna. Yana kai kwana uku saboda tsaminsa. Wanda ya bushe kuma Rumawa na da dabararsa: a kankare ɓawon, a gutsuttsura manya-manya, a jiƙa da madara har ya sha amma bai dagargaje ba, a soya cikin man zaitun, a kwarara zuma a kai.